Shafuka Huɗu Da Najwa Ta Ɗinke

"Yumma, mece ce 'yar iska?"

Cokalin sukari ya suɓuce daga hannun Najwa ya faɗa cikin toka. Ta juyo ta dubi 'yarta Rayan, wadda ko shekara shida ba ta cika ba.

"A bakin wa kika ji wannan kalmar?"

"Hajja Barakatu ce ta faɗa a bakin famfo. Ta ce littattafanki na 'yan iska ne, wai kada a ƙara zuwa gidanmu shan jabana."

Sai a lokacin Najwa ta gane abin da ya sa rumfarta ta zama wayam. Shekara uku ke nan tun rasuwar mijinta, kullum bayan la'asar matan ƙauyen nan na Hausawa da ke kusa da garin Suki a ƙasar Sudan ke taruwa a gidanta, a soya gahawa, a daka da citta, a zuba a tukunyar jabana, ita kuma ta buɗe littafin Hausa ta karanta musu. Duk ƙauyen Larabci suke karantawa, ita kaɗai ta iya boko, mahaifinta ya koya mata. Yau kuwa tsohuwa Inna Fadimatu ce kawai ta zo, ita ma sai sunkuyar da kai take yi.

Hajja Barakatu kuma ba kowa ba ce illa mahaifiyar Lukman.

Lukman ɗin da danginsa za su zo neman aurenta ranar Juma'a!

Littafi ne ma ya haɗa su. Injin ban-ruwan gonakin ƙauyen yake gyarawa, kullum da littafin tarihi na Larabci a aljihun jallabiyarsa. Ranar da ya fara jin karatunta ta bayan danga, dariya ya yi.

"Ya Ummu Rayan, wane namiji ne zai yi kuka shafi goma don an ƙi amsa masa sallama? Ƙarya ce zalla!"

"Naka littattafan fa? Sarakuna ne matattu, daga yaƙi sai yaƙi. Ko sau ɗaya ban ji an ɗora tukunya ba. Ba sa cin abinci ne?"

Tun daga nan duk wanda zai je birnin Wad Madani sai Lukman ya ba shi sautun littafi, ya kawo mata, ta karanta, su yi ta musu. Musun nan ne ya rikiɗe ya koma so.

Yau kuwa, kafin gawayin dafa jabanar ya mutu sai ga sallamar Lukman a ƙofar gida. Ta yafa mayafi ta fita. Bai yi mata tsokanar da ya saba ba, waya kawai ya miƙo.

Muryar wata mata ce ke karanta Hausa tana ƙyalƙyala dariya. Kalamai ne na ɗakin aure, tsirara, waɗanda ko kunne ba ya son ɗauka. A ƙarshe muryar ta ce, "To ga abin da bazawarar ke karanta wa matan mutane."

Najwa ta mayar masa da wayar.

"Daga littafinki ne?" ya tambaya.

"Daga ciki ne."

"Najwa..."

"Amma ban taɓa karanta wa kowa shi ba! Wallahi ko sau ɗaya!"

"Na yarda da ke, habibti. Sai dai Hajja ta rantse babu mai taka ƙafa gidan nan Juma'a. Ki tattara littattafan nan ki ƙone a gabanta, magana ta mutu. Takarda ce fa kawai."

"Takarda ce kawai?"

"Don Allah, hasken idona..."

"Kada ka kira ni da wannan sunan! Kai da muka yi shekara muna musu a kan littafi, kai ne yau kake cewa a ƙone? Minti ɗaya ka saurara a waya, ka yanke wa shafi ɗari biyu hukunci! In na ƙone, ai na amsa laifin ke nan. Gobe Rayan ta girma a ce mata uwarta ta lalata matan gari, aka kama ta, ta tuba. Da wannan sunan kake so in shiga gidanku?"

"To auren fa?"

"In sai da toka za a ɗaura shi, a bar shi!"

Ta shige ta bar shi tsaye. Sai da ta kai bayan ɗaki sannan ta bari hawayen suka zubo, don tana son mutumin nan, so na gaske.

Da safe ta ɗauki littafin, ta biya gida gida ta kira matan da ke zuwa rumfarta. Wasu suka ce miji ya hana. Huɗu suka biyo ta, har da Inna Fadimatu da sandarta.

Sun tarar da Hajja Barakatu a tsakar gida tana tsinar bushasshiyar kuɓewa. A gefenta Sabah ce zaune, 'yar ƙaninta, wadda Hajja ta daɗe tana yi wa Lukman sha'awarta.

"Mi ya kawo ki?" in ji Hajja, ko tabarma ba ta nuna musu ba.

Najwa ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, sannan ta buɗe littafin ta ɗora a kan cinyar tsohuwar.

"Hajja, ba sai kin iya boko ba. Ki shafa bakin takardar nan da yatsanki."

Hajja ta shafa tana yatsina fuska. "Huji huji na ji."

"Sawun allura ne. Duk littafin da ya shigo hannuna, ni kaɗai nake fara karanta shi. In na ci karo da wurin da marubuciya ta saki baki, sai in haɗa shafukan in ɗinke da zare, don ina da 'ya mai jawo komai. A wannan, shafi huɗu na ɗinke. Ga ma guntun zaren nan a maƙale."

Ta juya ga matan. "Ku faɗi tsakaninku da Allah, kun taɓa jin maganar nan ta waya daga bakina?"

"Ni da nake zama kusa da ita don kunnena ya yi nauyi?" Inna Fadimatu ta buga sanda a ƙasa. "Barakatu, da na ji wanga zance da ni zan fara fasa mata tukunyar jabana a kai!"

"To wa ya warware ɗinkin?" Hajja ta tambaya.

"Mutum ɗaya na ba aro. Ta ce tela za ta nuna wa ɗinkin rigar da ke jikin bango."

Idanu ne kawai suka koma kan Sabah.

"Ni... ni dai na ga zare ne, na ce mene ne ake ɓoyewa. Na ɗauki hoto na tura wa wata ƙawata ta karanta..."

"Ta karanta miki, ke kuma kika raba wa gari!" Hajja ta daka mata tsawa. "Tashi ki ba ni wuri!"

Sabah ta fice tana jan mayafi. Amma Hajja ba ta sauko ba tukuna.

"Ke kuma, tunda kin san da ƙazanta ciki, don mi kika aje shi?"

"Don sauran labarin, Hajja. Wata mata ce mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suka so ƙwace gonar marayu, ta tsaya da ƙafarta. Marubuciyar ta iya labari, kunya ce ta yi mata ƙaranci a wuri ɗaya. Kuma ki duba yaranmu, Hausa na zame musu baƙuwa. Da wannan karatun ne take komawa kunnensu."

Hajja ta juya littafin a hannunta.

"Sun ƙwace gonar?"

"Ba mu kai wurin ba tukuna."

"To zauna ki kai mu. Ku kawo mata tabarma!"

Har azahar Najwa na karatu, Hajja na tsine wa ƙanin mamacin kamar maƙwabcinta ne.

Lukman ya dawo daga bakin injin da baƙin mai a hannu, ya tsaya turus ganin abin da ke faruwa. Da za ta tafi ya biyo ta ƙofar gida.

"Ki yafe mini, Najwa. Tsoron rasa ki ne ya rufe mini ido."

"Tsoro ne ya sa ka miƙa musu ashana?"

"Na yi kuskure, ruhina. Faɗi abin da zan yi."

Ta danna masa littafin a ƙirji. "Ka koyi boko. Ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe, sannan ka zo ka faɗa mini ra'ayinka."

"Kafin Juma'a?!"

"Juma'a dai su zo. Ɗaurin aure kuwa sai ka kai shafin ƙarshe."

Wata biyu ya yi yana haɗa baƙaƙe a inuwar injin, abokan aiki na yi masa dariya. Da ya gama, ya ce ƙarshen labarin an yi gaggawa. Ta ce bai fahimta ba ne. Suna cikin wannan musun aka ɗaura aure.

Ke kuma 'yar'uwa mai karatu, ki kiyaye. Duk ranar da aka turo miki guntun murya ko hoton shafi ɗaya, aka ce ga halin wance, kada yatsanki ya yi saurin turawa gaba. Ki tashi ki je ki tambaye ta. In kika tura ba ki bincika ba, aure ya mutu ko sunan uwa ya ɓaci a gaban 'yarta, ki sani da hannunki a ciki, kuma za a tambaye ki.