Yara Hamsin na Hedimasta

Auta yana guga a falo, matarsa, wadda dangi ke kira Mai Jan Biro, ta baje takardu a kan tabarma, sai ga Hajiya, mahaifiyarsa, ta faɗo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ni kawunsa ina biye, wai ɗan sulhu, ko ruwa ba a ba ni ba.

Aikin Mai Jan Biro shi ne auna karatun yaran makarantun gwamnati na birni. Makarantar surukinta Hedimasta, mijin Hajiya, shekara takwas tana zuwa ta ɗaya. Bana da aka tura ta can, ta ƙirga takardun gwajin ajin ƙarshe ta samu arba'in, rajista kuwa ta ce casa'in. Ashe ranar gwaji Hedimasta kan sallami masu rauni, wai su je su huta. Sai ta koma ba sanarwa ta gwada hamsin ɗin. Rabinsu ko layi ɗaya ba sa iya karantawa.

"Ko ta yaga rahoton nan, ko ta bar gidan nan!" in ji Hajiya. "Mutumin da ke kiranki 'yata, shi za ki tona wa asiri?"

Hawaye na zuba, Mai Jan Biro ta durƙusa ta ce Baba ubanta ne, amma yaran nan ma 'ya'yan wasu ne, in ta ɓoye su wa zai neme su? Hajiya ta juya ga ɗanta ta ce ya zaɓa. Auta ya kashe dutsen guga, ya ce a hankali, "Hajiya, ni ma ai cikin masu hutun nake a zamanina. Ita ce ke gyara mini wasiƙar ofis har yau."

Na buɗe baki zan kawo hikimata, aka ce in yi shiru. Ni!

Wata huɗu Hajiya ba ta amsa gaisuwarsu, Hedimasta kuwa ya sha takardar gargaɗi. Duk da haka kowane mako sai Mai Jan Biro ta je ta durƙusa ta gaishe su.

Abin da Hedimasta bai taɓa lura da shi ba, makarantar da ta zo ta ɗaya kofi kawai ake ba ta. Wadda aka ga rauninta ita ake kai wa ɗauki. Bayan rahoton aka turo malamai shida, da littattafai mota guda. Ni na lallaɓa shi ya leƙa ajin masu hutu, na ce masa baƙi ne daga ofis ke jiransa. Ya tarar da wata 'yar ƙarama tana karanta shafi guda ba gargada. Ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Yanzu duk taron da ya je sai ya ce, "Kun san surukata?" Hajiya ma cewa take ita ta zaɓo ta. Ni dai ba a ko ambatona, Allah ya gani.

Yara, ku riƙe wannan: ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani, kuma mai haƙuri kan gaskiya shi ke dariyar ƙarshe.