Kukan da Ya Fito daga Famfo

A wata unguwa a bayan garin Amman, ranar Talata kaɗai ruwan famfo yake zuwa. Wanda bai cika tankinsa na saman bene ba, sai ya yi mako yana roƙon maƙwabta.

Akwai wata yarinya a unguwar, 'yar shekara goma sha huɗu. Wata Talata da safe babanta ya buɗe tanki ya duba, sai aka kira shi wurin aiki.

"Ki hau ki rufe tankin nan, ki ɗora dutse a kan murfin," in ji shi.

"To, Baba," ta ce, idonta na kan waya.

Da azahar ya dawo ya tambaye ta, "Kin rufe?"

"Tun ɗazu."

Alhali ko matakala ɗaya ba ta taka ba.

Bayan cin abinci gida ya yi tsit. An sauke labule saboda rana, ɗakuna sun yi duhu. Yarinya ta shiga banɗaki wanke hannu. Sai ta ji wani abu a cikin bango, ƙwas, ƙwas, kamar farce a jikin ƙarfe.

Ta kashe famfo. Ƙarar ba ta tsaya ba. Can kuma wata siririyar murya ta biyo bututu, kamar kukan jariri daga nesa.

Tsigar jikinta ta tashi. Ta fito da baya da baya, ta kira mutanen gida. Mama da Baba da Kaka suka tsaya a bakin ƙofa suna saurare. Muryar ta sake yin kuka.

Kaka ta damƙe carbinta. "Na sha gaya muku, ba a zuba ruwan zafi a magudana sai da bismilla. Ga shi an ƙona ɗan mutanen ɓoye."

"Wa ya zuba?" in ji Mama.

"Ba dai 'yarmu ba," in ji Baba. "Rabonta da kicin tun azumi."

Ya so ya yi dariya, amma dariyar ta ƙi fitowa. An sake yaƙushin bangon, a hankali.

Mama ta yi ƙasa da murya. "Ko wani abu ne ya faɗa tanki?"

"Ina, tanki a rufe yake. 'Yarmu ta faɗa mini." Ya juya zai duba bututun kicin.

Yarinya ta kasa kunne. Kukan yana ta yin rauni. Ko mene ne a can sama, yana da rai, kuma yana gab da mutuwa. Babu wanda zai je ya duba, domin sun yarda da maganarta. Tsoro ya kama ta, kunya ta fi tsoron.

"Baba," ta ce, "ƙarya na yi. Ban rufe ba."

Ya hau bene da gudu, ita tana biye.

Cikin tanki suka ga idanu biyu suna ƙyalli. Kyanwar maƙwabciyarsu Ummu Ziyad ce, ta maƙale a bakin bututu, kanta kaɗai ke waje. Baba ya zura hannu ya ciro ta. Yarinya ta naɗe ta da mayafinta har ta daina karkarwa.

Dole aka zubar da ruwan duka. Yarinya ce ta wanke tankin da soso. Allah ya taimaka ba a ɗauke ruwa ba tukuna, suka samu rabi. Makon nan kowa da ɗan bokiti ya yi wanka, Kaka tana mita, kyanwa kuwa ta warke sarai.

Da yamma Baba ya zauna kusa da ita a kan matakala.

"Mantuwa kowa yana yi, 'yata. Amma da kika ce kin rufe, wurin da ya kamata in fara dubawa shi ne ban duba ba."

"Na gane, Baba. Ka yi haƙuri."

Ya dafa kanta. "Na ji daɗi da kika faɗa da sauran lokaci."

Tun daga ranar, in ba ta yi abu ba, sai ta ce ba ta yi ba. Ta gane cewa mutane suna aiki da maganar da aka faɗa musu, don haka dole maganar ta zama gaskiya.