Malamar da Ke Sayen Saiwa

Maniru na kasa albasa a kasuwar Bodinga, cikin ranin 1982, sai wata budurwa mai tabarau ta tsaya a kansa.

"Mai albasa, wadda ta fara tsira nika so."

"Malama, ai wagga ta zubarwa ce. Mi za ki yi da ita?"

"Saiwar nika buƙata."

Ya yi dariya, ya ba ta kyauta. Amma har ya koma gida garin Shagari bai daina ganin fuskarta ba. Hawwa'u ce, malamar kimiyya a makarantar 'yan mata.

Sati bai cika ba ya ɗaura buhun albasa mai tsiro a babur ya kai mata. Ta yanki tsinin saiwa ɗaya, ta sa a madubin ƙara girma, ta ce ya duba. Ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma.

"Ƙwayoyin rai ke nan," in ji ta. "Na tsinin nan su ke haifar saiwa duka. Kowace tana ɗauke da rubutun gado iri ɗaya, a nannaɗe kamar zare a mazari. Inda ya kwance kaɗai take karantawa. Mi ke ɗaurewa, mi ke kwancewa? Shi nika son in je Zariya in koyo."

Rabin maganar ya fahimta, sai kalmar Zariya ta tsaya masa a ƙirji.

Daga nan zama ya gagare shi. Fetur ya yi wuya, layi har bakin titi, amma duk Juma'a yana Bodinga. Tana ce masa Sarkin Fadama, yana ce mata Hasken Idona.

Da baffansa ya je neman izini, mahaifinta Alhaji Aliyu, tsohon akawu, ya girgiza kai.

"Ban sa ɗiyata boko don a kulle ta a ƙauye tana tsinkar ganyen albasa ba. Ga Malami, ma'aikacin ilimi, ya riga ku magana."

Kwana uku bayan haka Maniru ya hange ta a gaban motar Malami, sun nufi Sakkwato. Ya juya babur. Wata guda yana kai da komo tsakanin kwamin albasa a fadamarsa, ya ɗauki garma ya ajiye, abinci ba ya shiga. Sai wani direban kasuwa ya miƙo masa takarda.

"Sarkin Fadama, takardun karatuna muka kai, da innata a kujerar baya. An ce gwamnati ta tsuke aljihu, babu tallafi bana. Malami ya ce dama mace ba ta buƙatarsa, in zauna gida. Na ba shi amsarsa. Kai fa, ka yashe ni ke nan? Taka, Hawwa'u."

Bai ko wanke ƙafa ba ya kama hanya. Ya durƙusa gaban Alhaji Aliyu.

"Baba, a gafarce ni. Ban yi boko mai nisa ba. Amma in an ba ni ita, Zariya za ta tafi, tallafi ko babu. Fadamata ta ɗauki nauyin. Da hannuna zan kai ta tasha."

"Damina ta yi gardama bana, yaro. Kai ma da ƙyar za ka ci."

"Na sani, Baba. Rijiya biyu na haƙa."

Tsohon ya daɗe yana kallon taɓon da ya bushe a ƙafafunsa. Sannan ya ce, "Turo baffanka."

An ɗaura auren bayan sojoji sun karɓi mulki da sati biyu. Shinkafa ta yi tsada, aka yi tuwon dawa, kowa ya ƙoshi. Da za a tafi da amarya, Alhaji Aliyu ya riƙe hannun Maniru da hannayensa biyu.

"Na raina ka, ɗana, ka yafe mini. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari."

Hawwa'u, daga cikin mayafi, ta riga kowa cewa amin.