Littafin da Ba a Fita da Shi

Ke Yaya, ya ɓulla fa! Littafin nan da ya kusa cinye wa maigidana Baban 'Yan Biyu aiki!

Kin dai san aikinsa a laburaren jami'a. Malami ya kawo littafi a keɓe wa ɗalibansa, ba a fita da shi, sai mutum ya ajiye katinsa ya karanta a wurin. To guda ya yi ƙafa, oga ya ce ko littafi ko aiki.

Jiya bayan isha'i kowa ya watse, yana rufe tagogi, sai ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya waiwaya, ga wani saurayi rungume da littafin. Ƙofa kuwa a kulle.

"Ashe kai ne ɓarawon? Ta ina ka shigo?"

"Ban fita da shi ba, Malam, na san doka," in ji shi, murya kamar daga rijiya. "A zamaninmu layi bai zo kaina ba. Ba ni katina."

Littafin sanyi ƙalau. Baban 'Yan Biyu ya yi tsaki, don shi da hannunsa ya kwashe katunan aljihun tebur. Ya jawo aljihun dai don ya ƙaryata shi.

Ga kati guda, ya yi ja don tsufa. Hoton jiki na saurayin ne: fuskar ce, rigar ce. Shekarar da ke jiki kuwa, ko auren surukata ba a yi ba. Ya ɗago kai, babu saurayi babu dalilinsa, sai littafin a kan tebur.

Aiki dai ya tsira, alhamdulillahi! Maza ki gaya wa Inna ta bar kuka haka.