Kogon da Aka Toshe da Siminti

Ana gab da magariba ya shigo gida, igiya naɗe a kafaɗa, garin katako har a gashin gira, hannuwansa sun yi fari fat da busasshen siminti. Wanzamin Itace ake ce masa, don shekara ashirin ke nan yana yi wa bishiyoyin mutane aski. Ya sare reshen da ya mutu, ya rage wanda ya hau kan waya, ya kori gara da tsutsa. Matarsa ta ajiye masa ruwa a bokiti. 'Yarsu tilo, wadda suke kira Auta ko da yake babu kowa a gabanta, tana bakin ƙofa tana aikin makaranta.

Bai gama wanke hannu ba wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ƙwas. Aka yi tsit. Can sai wani, sai wani, a hankali, kamar mai jifan yana ƙirgawa.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji matar. Amma ba ta ɗaga murya ta yi musu faɗa ba kamar yadda ta saba.

Ɗaya ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafarsa. Ya ɗauka. Ba dutse ba ne, curin siminti ne ɗanye, yana manne wa yatsa. Ya wurga shi bayan tankin ruwa.

Ya san inda ya taɓa siminti a ranar. Wani mai gidan bene ne ya kira shi, mutumin da ma'aikata suka laƙaba wa Yanzu-Yanzu saboda komai nasa ba ya jiran gobe. A farfajiyar gidan akwai tsohon mangwaro, da kogo a gindinsa wanda yaro zai iya shiga ya zauna. Gara ta ci cikin. Wanzami ya ce a kankare ruɓar, a zuba magani, a bar kogon ya sha iska, don siminti riƙe damshi yake yi, itacen ya ci gaba da ruɓewa a ɓoye.

"Malam, ba lacca na kira ka ka yi mini ba," in ji Yanzu-Yanzu. "Baƙi zan yi gobe. Ka toshe mini wannan mummunan ramin yau, ko in kira wani."

To, tsohon da ya koya wa Wanzami aiki ya bar masa ƙa'ida guda. Kada ka sa zarto a itace, kada ka toshe kogo, sai ka bugi gindin sau uku da bayan gatari, ka kasa kunne. In kogo ne kuma, ka bar shi a buɗe ya kwana. Shi a zatonsa duk saboda zuma ne da maciji da mujiya. Shekara ashirin bai taɓa tsallakewa ba. Amma ranar, Yanzu-Yanzu yana tsaye a kansa yana kaɗa makullin mota, sai Wanzami ya haska fitilar waya ciki, bai ga komai ba, ya jera bulo ya shafe bakin sumul. Har fito yake yi yana shafewa.

Washegari da rana ta yi ja, ƙwanƙwasar ta fara. Sau uku, a tsaya, sau uku. Ba daga waje take zuwa ba. Daga cikin katakon ƙofa take fitowa, daga ƙafar tebur, daga allon gado, duk inda itace yake a gidan. Matar ta ɗora tafin hannu a kan tebur, ta janye da sauri kamar ta taɓa wuta.

Auta ta ajiye biro. Ta dubi uwarta ido buɗe, ga fitila tana ci, ta ce, "Mama, wa ya kashe wuta?"

"Wace wuta, 'yar nan? Ga ta a kunne."

"Duhu ne, Mama. Wurin ya yi mini kaɗan."

Ta naɗe ƙafafu, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi, ba ta sake miƙewa ba. Aka kai ta asibiti da safe. Likita ya auna ƙirji, ya haska ido, ya ce bai ga komai ba. Amma numfashinta sai raguwa yake yi, gajere, gajere, irin na wanda yake tattalin iska. Jikinta kuma warin ɗanyen siminti yake yi, uban ya ji shi tun a mota, ya kau da kai. Tsoro ya hana shi faɗa, kunya ta taya tsoron.

A rana ta uku da fara ciwon, bayan la'asar, matar ta zo da Malam, wani dattijo marar yawan magana da ya san irin wannan aiki. Ya zauna kusa da yarinyar ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa. Gidan ya yi shiru, har ana jin ɗigar famfo. Ya daɗe yana yi. Sai kan Auta ya ɗago, wuyanta ya juya a hankali ya wuce Malam, ya tsaya a kan ubanta.

"Kai," ta ce. Muryar babbar mace ce, ta dushe da kuka. "Kai mai fito."

Wanzami ya zame ya zauna a ƙasa.

"Da ni za ki yi magana," in ji Malam. "Wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Me ɗana ya yi masa? Shekara ashirin yana buga mana ƙofa, muna kwashe 'ya'yanmu mu ba shi wuri. Ya sare mana rassa, ba mu ce komai ba, don ya yi sallama. Ranar na fita na bar ɗana yana barci. Na dawo na tarar da bango."

Matar ta juyo ta dubi mijinta. "Baban Auta, wane bango?"

Ya buɗe baki, sai hawaye. "Ban buga ba," ya ce. "Wallahi sauri aka sa ni."

"An zalunce ki," in ji Malam, "amma wannan yarinya ba ta riƙe cokalin siminti ba. Ki fita."

"Ba na fita. Inda ɗana yake, can 'yarsa take. Iskar da ta rage musu guda ce, su biyu suke sha."

"Ki sake ta, a buɗe miki."

"A buɗe mini, in sake ta. Kuma hannun da ya shafe, ina so."

"Hannu ba naki ba ne, da shi yake ciyar da su." Malam ya ɗaga murya da karatu, jikin yarinyar ya ɗauki rawa, muryar ta yi ƙara har gilashin taga ya amsa.

"Tsaya! Na bar masa hannun. Amma shi zai fasa da kansa, kuma ya buga tukuna. In rana ta faɗi bai buɗe ba, kada a neme ni da laifi."

Wanzami ya dubi taga. Rana ta riga ta sauka kan rufin maƙwabta. Ya suri guduma da gatari ya fita ko takalmi babu.

Ya tarar an yi wa simintin fenti fari, an jera tukwanen fure a gabansa. Yanzu-Yanzu ya fito yana ɗaga hannu. "Kai, lafiyarka? In ka taɓa wurin nan, ka gama aiki a unguwar nan!"

"Ranka ya daɗe, 'yata ce a ciki," in ji shi. Ya faɗe ta a hankali, kuma ko me mutumin ya gani a fuskarsa, ya ja da baya.

Ya durƙusa. Ya juya gatari ya bugi gindin. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya manna kunne a ɓawon itacen.

Daga ciki aka amsa, sau uku, da rauni ƙwarai.

Ya ɗaga guduma. Aikin hannunsa ne, kuma mai kyau ya yi, kaico, siminti ya kama kamar dutse. Ya yi ta duka har tafinsa ya fashe. Hasken rana ya rage ɗan jan zare a kan katanga lokacin da bulo na farko ya faɗa. Wata iska mai ɗumi ta fito ta bi ta gefen kunnensa, ganyen mangwaron ya kaɗa sau ɗaya daga ƙasa har sama, ya tsaya. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Matarsa ce, kuka ya hana ta magana, da ƙyar ta ce yarinyar ta yi atishawa, ta miƙe ƙafa, tana neman ruwa.

Ya juya ɓallen simintin da ya faɗo. A bayansa akwai sawun farce, layi-layi, iri biyu. Waɗansu na ƙaramin hannu mai yatsa biyar. Sauran bai tsaya ƙirga su ba.

Da ya isa gida Auta tana jingine da uwarta. Ya kama hannayenta. Faratan duk sun karye, ga farin siminti a ƙarƙashinsu.

"Baba, kada ka yi kuka," ta ce, da muryarta ta kullum. "Ni kwana biyu kawai na yi. Yaron ya riga ni shiga, kuma ƙarami ne, ni na riƙe masa hannu. Ya ce ya ji ka kana fito, ya yi ta jira ka buga."