Naɗin Kawu

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗago kai na fasa shi!"

Gwaska ne ya daka tsawar, bindiga a hannu, baƙin ƙyalle a fuska. Rana tsaka ce, kuma mutum biyu kacal ya tarar a zauren bikin: tsohon maigadi, da Mai Fiyano da aka bari ya kula da kaya. Sauran makaɗan sun gama gwajin sauti sun tafi cin abinci, sai da yamma baƙi za su zo.

Ba sa'a 'yan fashin suka taka ba, ɗan gida ne ya ba su lokacin. Su uku suka shigo. Ga Gwaska shugabansu, ga Kwalba wanda bai taɓa fita aiki cikin hayyacinsa ba, sai na ukun da ke raɓe a baya da hula har haɓa. Shi ne Injiniya, mai haɗa sauti a ƙungiyar makaɗan, ɗan ƙanwar mai ƙungiyar. Da safe ya kira kawun nasa a waya yana nishi, wai zazzaɓi ya kayar da shi. Mutumin da ya tsamo ka daga gararamba ya koya maka sana'a, shi ka zaɓa ka fara yankawa.

A bayan wani gareji Injiniya ya zayyana wa 'yan fashin komai tun farkon mako.

"Ku bar manyan lasifikun, nauyin banza ne. Mikisa za ku ɗauka, allon haɗa sautin nan, da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, da makirfo, da fiyano. Ni ba zan yi magana a ciki ba, sun san muryata. Amma fa Oga, ban da harbi."

"Haba ɗan gari, wane irin harbi?" in ji Gwaska yana dariya.

Yanzu ga su a kan dandamali. Kwalba ya daka tsalle ya cafki wayoyin da ke bayan mikisa. Duk wanda ya taɓa aikin sauti ya san dokar: amfilifaya ake fara kashewa kafin a zare komai, in ba haka ba lasifika ta yi tsawa. Injiniya ya hango jar fitilar amfilifayar tana ci. Ya buɗe baki, ya tuna Mai Fiyano na kwance a gabansa, ya rufe. Ya shiga kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

Kwalba ya fizge wayar.

Buuum!

Zauren ya girgiza. Kwalba ya zabura, ya juyo a haukace, ya danna kunamar bindigarsa.

Tau!

Mai Fiyano ya ƙwalla ƙara. Hannunsa na dama da ya shimfiɗa a ƙasa ya koma jini.

"Ku kwashe! Maza, maza!" in ji Gwaska.

Suka shiga jan kaya zuwa ƙofar baya. Injiniya kuwa ya sandare a tsakiyar dandamali, idonsa a kan jinin. Kansa ya daina aiki, amma hannuwansa ba su daina ba. Ba tare da ya sani ba suka ɗauko doguwar wayar makirfo daga ƙasa suka soma naɗe ta, zagaye ɗaya a miƙe, na gaba a juye, ɗaya a miƙe, ɗaya a juye. Ya ɗaure ta da jan zaren da ke bakinta, ya rataye a jikin sandar makirfo, kamar yadda ya saba yi bayan kowane wasa.

"Kai! Uban me kake yi?" Gwaska ya finciko wuyan rigarsa. "Mu ware!"

Motarsu ta fita a guje.

Sufeton 'yan sanda ya iso ya tarar an wuce da Mai Fiyano asibiti. Maigadi na zaune, ba abin da ya iya faɗa sai cewa fuskokinsu a rufe suke. Mai ƙungiyar, wanda duk makaɗan ke kira Kawu, yana tsaye a kan dandamalin da aka yi wa ƙarƙaf. Kayan da ya kwashe rabin rayuwarsa yana tarawa ɗaya bayan ɗaya sun tafi, amma ba gurbinsu yake kallo ba.

"Malam, kana zargin wani?" in ji Sufeto.

Idon Kawu ya faɗa kan wayar makirfon da ke rataye. Ya sauko da wayar daga sanda yana jujjuya ta.

"Wa ya naɗe wannan?" ya tambayi makaɗansa.

"Ba mu ba ne, Kawu," in ji mai jita. "A shimfiɗe muka bar ta. Ai ba a naɗe waya kafin wasa."

Kawu ya zauna a bakin dandamali. Fuskar ƙanwarsa ce ta faɗo masa, matar da ba ta da kowa sai wannan ɗan. Sai kuma idonsa ya sauka a kan jinin da ya soma bushewa.

"Yallaɓai," ya ce, "yawancin mutane a gwiwar hannu suke naɗe waya, ta murɗe, ta karye daga ciki. Wannan naɗin nawa ne. A yarana mutum ɗaya ne ya iya shi, don sai da na yi ta bugun hannunsa kafin ya zauna masa. Ɗan ƙanwata ne."

A can cikin mota kuwa, kaya sai karo suke da juna. An jibga amfilifaya a kan fiyano, mikisa na zamewa daga wannan bango zuwa wancan.

"Oga, a tsaya a ɗaure kayan nan, za su lalace!" in ji Injiniya. "Kuma kai ka ce babu harbi!"

Gwaska ya waiwayo daga kujerar direba. "Kwalba, gayen nan ya cika surutu. Wanda ya sayar da kawunsa, mu a nawa zai sayar da mu?"

"A arha, Oga."

"To rage mana nauyi."

Ƙofar gefe ta buɗe. Ƙafa ɗaya Kwalba ya sa masa a ƙirji. Injiniya ya faɗa kan kwalta, ya mirgina cikin kwata, ƙafarsa ta karye.

To wa kuke tsammani ya kira? Kunya dai ba ta cikin kayan da aka raba da shi. Ya laluba wayarsa ya danna lambar Kawu.

"Kawu, ka taimake ni! Na fito sayen magani mota ta buge ni!"

"Kana ina?" in ji Kawu, muryarsa a sanyaye. "Kada ka motsa, ga ni nan."

Ya zo, amma a motar 'yan sanda. Ko marinsa ba a yi ba Injiniya ya fara zuba: sunan garejin, layin, har launin ƙofar. Gwaska bai yi ƙarya ba a kan wannan.

Kafin rana ta faɗi aka zagaye wurin.

"Ku fito hannu a sama!"

Kwalba ya leƙo ta taga ya buɗe wuta. Aka mayar masa, ya faɗi bai ƙara shurawa ba. Gwaska, mai tsawar ɗazu, a ƙarƙashin wata matacciyar mota aka jawo shi, wandonsa a jiƙe, yana rantsuwa cewa shi direba ne kawai.

An samu kayan, sai dai mikisa ta tsage, fiyano ya rabu biyu. Bikin mutane ya tashi babu kiɗa. Likita ya cire wa Mai Fiyano yatsu uku, mutumin da da yatsun nan yake ciyar da mata da 'ya'ya.

Washegari a asibiti, ƙanwar Kawu ta tare shi a baranda tana kuka.

"Yaya, da ka yi shiru wa zai sani? Ɗanka ne fa!"

"Shiga ɗakin can ki gaya wa matar Mai Fiyano haka," in ji shi.

Ya wuce ɗakin da aka ɗaure Injiniya da ankwa a jikin gado.

"Kawu, wallahi ba ni na yi harbin ba. Ko magana ban yi ba."

"Na sani. Ka ga fitilar tana ci, ka san abin da zai faru. Kalma ɗaya za ka faɗa, da yatsunsa na nan. Sai ka zaɓi ka ɓoye muryarka."

Kawu ya ciro wayar daga jaka, har yanzu a naɗe da jan zarenta, ya ajiye masa a kan ƙirji.

"Riƙe. A duk abin da na koya maka, wannan naɗin kaɗai ya zauna."

Ya juya ya fita. Injiniya yana ta kiran "Kawu! Kawu!" har muryarsa ta dishe, ba wanda ya waiwayo.