Mai Digirin Kashin Alade

A shagon Stanley mai gyaran kwamfuta, kusa da tashar Daura, Jafaru ya fara ganin Murjanatu. Waya ya kawo gyara, ita kuma tana jiran kwamfutarta. Stanley na kunna ta, sai ga hoton aladu ya cika gilashin. Ta yi wuf ta rufe, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

"Ban ga komai ba," in ji Jafaru yana murmushi.

"Ka gani mana," ta ce a hankali.

Sun daɗe suna waya kafin ta gaya masa. Digiri na biyu take yi a fannin ƙasar noma. Malaminta ya ba ta aikin kwatanta yadda naitirojin, sinadarin da ke sa gero ya yi kore shar, yake tsirarewa daga kashin alade bayan an sarrafa shi ya zama taki. A Denmak ana zuba masa asid, a Biyetnam ana tara shi a rami a rufe. Alƙaluma kawai ake turo mata, ko alade ba ta taɓa gani ido da ido ba. A gidansu ma "taki" kawai take cewa.

"Murjata, ko kashin kura kike karanta, ina nan," ya ce.

Hasana, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, makarantarsu ɗaya da Murjanatu, kuma ta daɗe da sa rai a kan Jafaru. Ita ta kai maganar gida. Mahaifiyarsa, Hajiya Kubura, ta ce ba za a girka mata tuwo da hannun da ke juya najasa ba.

Jafaru dillalin shanu ne a karar Mai'adua. Ranar kasuwa abokai suka sa shi gaba, wannan ya ce "angon alade", wancan ya fashe da dariya. Kunya ta rufe shi.

"Wa ya ce zan aure ta? Gaisawa kawai muke yi."

Bai lura da Hussaini, yayan Murjanatu, tsaye a bayansa da igiyar wani sa a hannu ba. Da yamma saƙonta ya shigo:

"Yaya Jafaru, na ji abin da ka faɗa a kara. Ban ga laifinka ba. Ni mai aikin ma kunyarsa nake ji, balle kai. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya kasa cin abinci. Ya rubuta: "Sahibata, ni ne abin kunya, ba aikinki ba." Ba ta amsa ba.

Ya ɗauko kawunsa Malam Maharazu, malamin Islamiyya a Sandamu, suka zauna gaban Hajiya. Malam ya tambaya ko yarinyar na ci, ko tana taɓawa. Aka ce a'a.

"To, Kubura, lissafi ne take yi. Ban san inda aka haramta lissafi ba."

"Yaya, me zan ce wa mata a gidan suna?"

"Inna," in ji Jafaru kansa a ƙasa, "ki ce musu ɗanki ne ya yi ƙarya cikin mutane. Ita ba ta yi komai ba."

Kasuwa ta zagayo, ya tsaya gaban abokan nan.

"Wancan makon ƙarya na yi. Murjanatu nake so, ita zan aura idan ta yafe mini."

Wasu suka dara, Hussaini na gefe yana ji. Bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara:

"Na yafe. Amma ka daina cewa kashin kura."

Bayan ta kare bincikenta gaban malamai aka ɗaura aure. Da aka kai amarya gaida uwar miji, Hajiya Kubura ta kasa haɗa ido da ita. Ta daɗe tana murza bakin tabarma, can ta matso ta rage murya.

"Na faɗi magana a kanki, 'yata, ban kyauta ba. Wai a lissafin naki na... na dabbar nan, wace ƙasa ce ta ci?"

"Denmak, Inna," ta amsa daga cikin lulluɓi.

"To, Allah Ya taimake su. Ku kuma Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Matan ɗakin suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.